Dan Allah a taimaka: yaya zan mayar da kwamfutata yadda take a da ba tare da na rasa aikin mutane ba?

MaiTaipin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masana kwamfuta na zauren nan ku agaza min. Ina da ɗan shagon taipin da firintin a kusa da wata makaranta, kwamfutar tebur guda ɗaya ce nake dogaro da ita, HP EliteDesk 800 G1, tokumbo na saye ta, Core i5, ram 8GB, Windows 10 ce a kai. Lafiya lau take aiki har sai da yaron shagona ya karɓo wata manhajar gyaran hoto a filashin abokinsa ya ɗora mata, irin waɗanda ake cewa an fasa ɗin nan ba sai ka biya ba. To tun daga ranar abu ya lalace. In ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, Chrome na buɗe shafukan talla da kansa, wani ɗan baƙin akwati yana ƙyaftawa a sikirin ya ɓace, kuma duk filashin da kwastoma ya kawo na soka sai fayilolinsa su koma shotkot, jiya har wata ɗaliba ta kusa fashe min da kuka a shago don ta ɗauka firojet ɗinta ya tafi.

Na cire manhajar amma ba abin da ya canza. Wani ya ce min akwai yadda ake mayar da kwamfuta baya zuwa ranar da take lafiya, wani kuma ya ce a'a mayar da ita za a yi yadda ta fito daga kamfani. Ni wallahi ban san bambancinsu ba. Abin da ke ba ni tsoro aikin mutane ne a ciki, firojet na ɗalibai, katunan biki da na yi a CorelDraw, kalandar wata ƙungiya har sun biya rabin kuɗi, ga Office ga direban firinta, manhajar da ke sa ta aiki da kwamfutar, wanda ban ma san inda faifansa ya shiga ba. Wanne zan yi a ciki, kuma kayana za su tsira? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Sarkin_Fomat

Wa alaikumus salam. Oga kar ka wahal da kanka, kwashe kayanka ka yi mata fomatin kawai ka ɗora sabuwar Windows, awa ɗaya an gama. Duk wani komawa baya ɓata lokaci ne, bairos in ya shiga ya shiga. Kuma ka ja wa yaron nan kunne 😂

Injiniya_Zazzau

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sannu, Allah ya kiyaye gaba. Kai kuma Sarki bi a hankali mana, mutum da aikin kwastomomi a ciki ka ce awa ɗaya an gama, ai ba ɗora Windows ɗin ne wahalar ba, abin da ke biyo bayanta ne.

Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Wanda mutumin farko ya gaya maka sunansa System Restore, tsohon abu ne, tun Windows Me ta shekarar 2000 yake. Windows tana adana yanayin da take ciki lokaci zuwa lokaci, musamman in za a ɗora sabon direba ko wata babbar manhaja, in ka koma kan ɗaya daga cikin waɗannan ranakun to duk manhajar da aka ɗora bayan ranar za ta tafi, setin na ciki ya koma yadda yake, amma takardunka da hotunanka ba ruwansa da su. Office da CorelDraw tunda sun riga ranar zuwa suna nan daram. Na biyu Reset this PC, wannan sabunta Windows ɗin yake gaba ɗaya, manhajojinka duk za su tafi, fayiloli kuma kai za ka zaɓa ko a bar su ko a share. Na uku shi ne na Sarki. Ka ɗauka ɗaki ne, na farko shara ce, na biyu a fitar da kaya a yi sabon fenti, na uku a rushe a sake gini. Ba wanda yake fara rusau bai gwada tsintsiya ba.

Amma kafin ka taɓa ko ɗaya, kwashe aikin mutane tukuna. Kuma ba a filashin da ke yawo a shago ba, samo haddisk na waje ko filashi sabo. Ka kwashi takardu da hotuna da fayilolin Corel kawai, duk abin da ka ga ƙarshen sunansa exe ko vbs ko lnk ne bar shi a nan, ta nan cutar take bin mutum. Ka leƙa Desktop da Documents da Downloads da Pictures, in kana da yankin D a haddisk ka duba shi shi ma.

Filashin ɗalibar nan kuma ka kwantar mata da hankali, irin wannan bairos ɗin yawanci ba ya share komai, ɓoye fayilolin yake ya ajiye shotkot a madadinsu. A kwamfuta mai lafiya a buɗe cmd, wato baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, a rubuta

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

a sa harafin filashin a inda na sa E, za ta ga kayanta sun fito, sai a goge shotkot ɗin.

In ka gama kwashewa, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta rstrui ka buga Enter. In akwai ranaku za ka gan su a jere, zaɓi wadda ta riga ranar da yaron ya ɗora manhajar, akwai wani maɓalli Scan for affected programs da zai nuna maka abin da zai tafi tun kafin ka amince. Sai dai in gaya maka gaskiya kar ka saki jiki da yawa, a Windows 10 kwamfutoci da yawa abin a kashe yake zuwa, in ba wanda ya kunna to ba ranar da za ka koma, wasu bairos ɗin ma da gangan suke goge su.

Zancen yadda ta fito daga kamfani kuwa, Malam, wannan injin naka na wajen 2013 ne, da Windows 7 ko 8 irinsa suka fito. Kamfani yana ɓoye asalin Windows ɗinsa a wani yanki na haddisk, a HP da F11 ake shiga lokacin da take tashi, amma kayan tokumbo kafin su iso hannunka an share haddisk ɗin ko ma an canza shi, kuma ko da yana nan me za ka yi da Windows 7 da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Gwada rstrui ɗin ka dawo ka ba mu labari.

Ummu_Sultan

Sannu ɗan uwa. Ni ba injiniya ba ce amma ina riƙe da kwamfutocin ofis ɗinmu, abu ɗaya zan ƙara a kan na Injiniya wanda masu laftof ba sa tunawa da shi, wato wuta. Taka ta tebur ce ba ta da batiri, in aka ɗauke wuta tana tsakiyar aikin nan za ta iya ƙin tashi kwata-kwata, na ga wadda aka ɗauke wa wuta a haka ta koma sai dai ta nuna tambari ta mutu ta sake nunawa ta mutu, ƙarshe sai da aka ɗora mata sabuwa. Kar ka fara da wutar gari dan Allah, ka tada jen ka tabbatar da mai a ciki, ko ka kai ta inda ke da sola da inbata. Ƙaramin UPS ɗin nan na shago kar ka dogara da shi, 'yan mintuna yake riƙewa in ma batirinsa na da rai. Kuma in ka ga lambar da ke nuna nisan aikin ta tsaya wuri ɗaya ta daɗe ba ta motsa ba, ka ƙyale ta, haka take yi, mutane garaje ne ke sa su danne maɓallin kashewa su jawo wa kansu.

Sannan fon, wato salon haruffa! Kai mai yin katin biki ne, fon ɗin da ka tara na rubutun ado da na Larabci ka kwafe su, suna cikin C sai Windows sai Fonts. In ba haka ba ka buɗe kalandar mutane ka ga rubutun duk ya sauya kama. Fasiwod ɗin da Chrome ya riƙe maka su ma ka tabbatar ka san su ko ka haɗa shi da Gmail ɗinka.

MaiTaipin

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Hajiya wallahi zancen fon ɗin nan ko kaɗan bai zo min a rai ba. Na ari haddisk na waje wajen maƙwabcina na kwashe komai, na buɗe wasu a laftof ɗinsa na ga suna buɗewa lafiya. Filashin ɗalibar ma kayanta sun dawo, har addu'a ta yi ta yi wa Injiniya.

To amma Injiniya hasashenka ya tabbata. Na rubuta rstrui sai ta ce No restore points have been created on your computer's system drive. F11 ɗin ma na gwada don in gani, shuɗin shafi kawai ya kai ni mai Continue da Troubleshoot, ba wani abu na kamfani a ciki. Yanzu kenan saura Reset ko fomatin. In na yi Reset na zaɓi a bar min fayilolina, bairos ɗin zai tafi? Kuma Windows ɗin ba za ta dawo tana neman in saya mata lasisi ba?

Injiniya_Zazzau

Madalla da ka kwashe, yanzu ko me ya faru da sauƙi. Tambayoyinka biyun duk suna kan hanya.

Fara da lasisin. Shiga Settings, Update & Security, Activation, ka karanta abin da ta rubuta. In ka ga activated with a digital license to ka huta, lasisin a manne yake da injin, ko Reset ka yi ko fomatin da zarar ta hau intanet za ta gane kanta, muddin irin wadda ke kai ka mayar, Pro a kan Pro, Home a kan Home. In kuwa ka ga ta ce using your organization's activation service alhali kai ba ma'aikatar da kake ciki, to wanda ya sayar maka dabara ya yi mata da ɗan abin fasawa, bayan Reset tana iya dawowa da rubutun nan na Activate Windows a ƙasan sikirin. Za ta yi aiki a haka, taipin da firintin duk ba abin da zai tsaya, sai dai ta hana ka canza hoton bango da makamantansu. A da akan yi amfani da lambar Windows 7 ko 8 ta jikin injin a kunna Windows 10 kyauta, amma Microsoft ta rufe wannan ƙofar a Satumbar 2023.

Bairos kuma, Keep my files yana share manhajoji da setin, to yawancin masu tashi tare da Windows suna tafiya, amma in akwai wanda ya kwanta a cikin foldojinka yana nan, ranar da wani ya danna shi an koma gidan jiya. Tunda ka riga ka kwashe kayanka har ka gwada su, ni a wurina ba dalilin barin komai, zaɓi Remove everything. Hanyar ita ce Settings, Update & Security, Recovery, sai Get started a ƙarƙashin Reset this PC. In Settings ɗin ta ƙi buɗewa saboda nauyi, riƙe Shift ka danna Restart, zai kai ka shuɗin shafin nan da ka gani, Troubleshoot, Reset ɗin na ciki.

Za ta tambaye ka Cloud download ko Local reinstall. Na farkon sauko da sabuwar Windows yake daga intanet, ya haura 4GB, sai ka duba datarka da ƙarfin sabis ɗin unguwarku. Na biyun da fayilolin da ke cikin injin yake sake ginawa, ba ya cin data, amma in bairos ya lalata su sai ya yi nisa ya ce an samu matsala ya fasa. Mai halin data ya ɗauki na farko. Akwai kuma Change settings a gaba, ka kula da shi sosai, a nan ake tambaya ko a share duk faifan da ke ciki ko wanda Windows ke kai kaɗai, bar shi a na Windows. Clean data kuma na wanda zai sayar da kwamfuta ne ba ya son a tono bayanansa, awanni yake ci, kai ba ka buƙatarsa.

Direban firinta ga dabara, kafin ka fara buɗe folda a haddisk ɗin waje ka sa mata suna direbobi, buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta

pnputil /export-driver * F:\direbobi

sa harafin haddisk ɗin a inda na sa F, zai kwafe maka duk direbobin da aka ɗora. Ko kuma ka duba lambar firintar a jikinta ka sauko da nata daga shafin kamfanin, wannan ya fi tsafta ma. Office da Corel dai sai ka sake ɗorawa, ba makawa, nemi lambobinsu tun yanzu.

Wani abu kuma da nake so ka duba, don kar mu ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba duka. Wannan nauyin tashi da ka faɗa ba lallai bairos kaɗai ba ne, injin da ya haura shekara goma in haddisk mai juyawa ne a ciki yana iya zama ya gaji. Sauko da CrystalDiskInfo, kyauta ce, in ta nuna Good da shuɗi to alhamdu lillahi, in ta nuna Caution da ruwan ɗorawa kar ka ɓata man jen ɗinka a kan Reset, sayo SSD, wato faifai mara juyawa, ko da mai 256GB ne a ɗora sabuwa a kai.

Sarkin_Fomat

To Injiniya ai ka dawo inda nake 😂 Remove everything da fomatin meye marabarsu in ba dogon turanci ba. Ni abin da ya sa na fi son filashi, Windows ɗin da ke kan tokumbo ba ka san wa ya ɗora ta ba, wasu an yanke mata abubuwa an cusa wasu, an kashe abdet an kashe Defender mai gadin Windows daga bairos, in ka yi Local reinstall da wannan ƙazantar za ka sake gini. Oga samo filashi mai 8GB ko fiye wanda ba komai a ciki don za a share shi, je kwamfutar maƙwabcin nan naka ba taka mai cuta ba, sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft ka haɗa. Soka a taka, kunna kana danna F9 za ta ba ka zaɓin inda za ta tashi, zaɓi filashin, in ka iso wajen Custom ka goge yankunan Windows ka ɗora. Nan ne kawai wajen hattara, in kana da D mai kaya ka duba girman kowanne da kyau kafin ka danna Delete, kuma ka zare haddisk ɗin waje tun kafin ka fara.

Injiniya_Zazzau

Sarki a nan kam ka yi gaskiya, in Windows ɗin gyararriya ce filashi ya fi. Abin da na ƙi shi ne a fara da shi tun ba a duba ko akwai hanya mai sauƙi ba, da a ce ranakun nan na nan da yanzu Malam na kan aikinsa da Corel ɗinsa da fon ɗinsa ba abin da ya taɓu. Kuma wajen goge yankunan nan da kake faɗa kamar wasa, a nan na fi karɓar masu kuka a shago.

DanDamagaram

Salamu alaikum, ina biye da ku daga Zinder, na ƙaru ƙwarai. Tawa matsalar kusan iri ɗaya ce amma Windows 11 ce kuma da Faransanci take, sunayen da kuke faɗi ban gan su ba. Kuma tawa sabuwa ce na saye ta a kwali, an ce min wai tana iya neman wata doguwar lamba in na taɓa ta, gaskiya ne?

Injiniya_Zazzau

Wa alaikumus salam mutanen Damagaram. A taka shiga Paramètres, Système, Récupération, za ka ga Réinitialiser ce PC, zaɓin biyu su ne Conserver mes fichiers da Supprimer tout. rstrui kuwa ko da wane harshe take haka ake rubuta shi. Doguwar lambar gaskiya ce, ta BitLocker ce, lamba 48, sababbin injuna da yawa suna zuwa da faifansu a kulle da shi ba tare da mai su ya sani ba, in ka bi ta shuɗin shafin nan tana iya tsare ka sai ka kawo ta. In da akawun ɗin Microsoft ka shiga kwamfutar to lambar tana can a ajiye, shiga akawun ɗin ta waya ka nemo ta ka rubuta a takarda kafin ka fara komai. Kai da yake a kwali ka saya lasisinka na cikin injin, ba ka da damuwar da Malam ke da ita.

MaiTaipin

Jama'a ga yadda aka ƙare. Activation ɗin organization ta rubuta, wato dai dabarar aka yi min, sannan CrystalDiskInfo ta nuna ruwan ɗorawa. Da na ga haka sai na sayo SSD, muka bi hanyar Sarki da filashi a shagon wani abokina mai sola kamar yadda Hajiya ta ce, tsohon haddisk ɗin na cire na ajiye a durowa ban goge shi ba ko da na manta wani abu. Yanzu kafin in gyara zama ta gama tashi. Fon sun koma, firinta ta karɓi direbanta daga foldar nan, kalandar mutane na miƙa musu. Saura lasisi da Office, ina tara kuɗin. Yaron kuma an yi masa akawun nasa daban wanda ba ya iya ɗora komai sai da fasiwod ɗina.

Injiniya tambaya ta ƙarshe, tana ta nuna min wai Windows 10 ta ƙare, in koma 11 ne?

Injiniya_Zazzau

Barka Malam. E, Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma injinka ba ya cikin waɗanda 11 ta yarda da su, Intel daga zubi na 8 take karɓa kuma sai da TPM 2.0, wani ɗan abin tsaro a cikin injin, naka zubi na 4 ne. Akwai masu tura ta da ƙarfi, ni dai ba zan ba ka shawarar haka a injin da kake cin abinci da shi ba, ci gaba da 10 ɗin, ka ɗora duk abdet ɗin da ta samu, bar Defender a kunne, kar ka yi harkar banki a kanta, in hali ya samu ka canza injin. Yau ɗin nan kuma tun tana da tsafta, rubuta Create a restore point a wajen nema, zaɓi C, danna Configure, kunna Turn on system protection ka ba shi kamar kashi 5 cikin 100 na faifan, sai ka danna Create ka sa masa kwanan watan yau. Kayan da ka kwashe ma ka bi su da sikanin kafin ka mayar da sauran, musamman foldar Downloads.